Shekarar da Ba Mu Ci Kowa Ba



Ran nan ina neman wata takardar gona a cikin tsohon akwatina na ƙarfe, sai hannuna ya faɗa kan wani littafin rubutu na zamanin da nake ɗan lakwal. Bangonsa ya yage, gara ta taɓa gefensa. Daga gaba darasin lissafi ne. A shafi biyu na ƙarshe kuwa, da jan biro, na jera wasannin ƙwallo da ƙungiyar kwalejinmu ta buga a shekarar karatu ta 1984 zuwa 1985. Wasa tara ne. An ci mu a takwas. A na taran muka yi kunnen doki. Ba mu ci kowa ba ko sau ɗaya. Ni ne kapitan ɗin ƙungiyar, kuma da hannuna na rubuta.

Na zauna a bakin gado da littafin nan har aka kira la'asar. Takardar gona kuwa na manta da ita. Abin da na tuna a wannan zama shi nake so in ba ku labari, don akwai wani mutum a ciki wanda na zalunta, kuma na daɗe ban faɗa wa kowa ba.

Ni ɗan Magarya ne, a kudancin jihar Damagaram, nan bakin iyakar Najeriya. Wanda ya san ƙasarmu ya san ƙasar gawo ce da hatsi da gyaɗa, da rake a fadamun Bande da Waca. Da muna ƙanana, gyaɗa ce ke riƙe da gari. SONARA na saye, masana'antar SEPANI na matse mai, kuɗi na yawo a hannun mutane da kaka. Bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sai abin ya yi ta ja da baya. Abin da ya rage wa jama'a shi ne gona da iyaka. A kai wake da dabbobi Najeriya, a komo da kaya. Da rani kuma samari su tafi cin rani Kano.

Ƙwallo ma ta iyakar nan ta fi shigo mana. Rediyon Kano da na Kaduna sun fi na Yamai fita a akwatunanmu. A 1980, ranar da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka, muna tsugune gaban rediyon wani tela, kamar mu aka ci wa. Daga ranar kowane yaro a unguwarmu ya zama Odegbami. Balo muke cewa, da bakin lakwal. Ta tsumma muka fara bugawa, a ɗaure da zare, ƙafa ba takalmi, raga kuwa duwatsu biyu. Dattawa ba su ɗauki abin da daraja ba. A wurinsu wasan maza kokowa ce, musamman tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Babana yakan ce bai ga hankali ba a ce ƙatti ashirin da biyu suna bin fata guda, a ba kowa tasa mana a huta.

Amma mu a shekarar nan kanmu ya yi girma. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙasa, a 1984 kuma Espoir ta Damagaram ta karɓa. Ashe ba ƴan Yamai kaɗai suka iya ba. Muka koma lakwal a watan Oktoba da niyyar mu ma a ji sunanmu a tsakanin makarantun jiha. Muna da dalilin sa rai. A bara mun ci fiye da yadda aka ci mu, kuma yawancin ƴan wasan suna nan.

Abin da ba mu saka a lissafi ba shi ne damina. Daminar 1984 ba ta yi ba. An yi shuka ta bushe, an sake ta bushe. Inda hatsi ya tsira, bai yi ido ba. A kan wannan kuma ga iyaka a rufe, don tun watan Afrilu na shekarar gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari ta canza launin naira ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986. Rashin ruwa ne tushen yunwar, amma mutane suka raɗa mata suna El-Buhari, sunan da har gobe tsofaffi ke ƙirga shekarun yara da shi. Gona ta ƙi, iyaka ta ƙi. Ƙafa biyun da Magarya ke tsaye a kansu suka karye a shekara guda.

Dole in faɗi gaskiya a nan: ni ban ji yunwar nan a cikina ba. Babana ma'aikaci ne mai albashi. An rage mana nama, an daina ba almajirai da yawa kamar da, tuwon ya koma na jar dawar agaji wadda ba mu so, amma tukunya ba ta kwana ba a ɗora ba. Kwalejinmu kuwa kashi biyu ce. Akwai mu ƴan gari, masu kwana a ɗakin iyaye. Akwai ƴan ƙauye da suka ci jarrabawa aka turo su gari, daga wajen Yekuwa, Sassumburum, Ɗancawo, Waca, Dungas. A lokacin Dungas tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 aka ba ta tata gundumar. Waɗannan yara a gidajen mutane ake sauke su. Kowa da maigidansa, wani dangi, wani abokin uba, wani kuwa don Allah kawai. Gwamnati na ba su ɗan kuɗin tallafi lokaci-lokaci, iyaye kuma su aiko da hatsi da kaka a kai wa uwargida. A shekarar nan babu hatsin da za a aiko. A cikin ƴan wasanmu goma sha ɗaya, bakwai ƴan ƙauye ne. Wannan lissafi a yau nake yin sa. A lokacin ban yi ba.

Mai tsaron gidanmu ɗaya ne daga cikinsu. Daga wani ƙauye yake can bayan Dungas, ta wajen Dogo-Dogo, don haka ɗan Dungas muke kiransa, ni ma haka zan kira shi. Dogo ne, siriri, mai manyan tafin hannu. Ba ya yawan magana. A aji babu mai kama shi a lissafi. A raga kuwa bango ne. Yakan ce a tsallen rijiya da kamun tunkiya ya koyi tsaron gida. Duk wasan da muka ci a bara, rabin ladan nasa ne.

Wasan farko a filinmu aka yi, da ƴan Matamai. Fili ne na rairayi, sandunan raga na icen dogon yaro, layi kuma da toka muke ja. Muka fara da kyau. Har aka tafi hutun rabin lokaci muna da ci ɗaya, ba su da ko ɗaya. Da aka dawo, kamar an canza mu. Masu gudu suka koma tafiya. Ɗan bayanmu ɗan Yekuwa ya dafa gwiwa yana kallon mutum ya wuce shi. Aka ci mu 3 da 1. Wasa na biyu haka, na uku haka. Kullum rabin farko namu ne ko kuwa a yi daidai, rabi na biyu na abokan karawa.

Mushenmu na wasanni mutum ne mai kishi, saurayi sabon fitowa, ba ɗan ƙasarmu ba. Ya duba abin ya ce ya gano cutar: ba mu da numfashi. Maganinta kuwa gudu. Ya sa mana dokar fita da asuba, bayan salla, mu bi hanyar Tinkim da gudu mu dawo kafin a shiga aji. Ni aka ba riƙon sunaye. Na riƙe da gaske kuwa. Wanda bai zo ba in rubuta shi, wanda ya tsaya a hanya in yi masa tsawa. Ni ina dawowa in tarar da koko da ƙosai. Ban taɓa tambayar abin da sauran ke tararwa ba. Ku duba fa, jama'a: yaran da ba su ci ba, muka ce maganinsu su ƙara gudu. Jaki ma idan ya rame, mai shi ya san ba bulala yake bukata ba.

Gari kuwa ya same mu abin dariya. Ba na ganin laifin kowa, a shekarar nan abin dariya ya yi tsada. Masu shayi suka sa mana suna ƴan sadaka, wai duk baƙon da ya zo sai mun ba shi ya tafi da shi. Yara ƙanana suna bin mu da waƙar tsiya. Wasu suka ce an ɗaure mana raga ne, asiri ne, mu nemi taimako. Muka yarda, don ya fi sauƙin yarda. Aka ce kowa ya kawo dala biyar a kai wa wani mai magani ya ba mu abin da za a binne a gindin sandar raga. Kowa ya kawo, wasu da ƙyar. Ɗan Dungas ya ce ba shi da shi. Na ce kai da ragar take hannunka? Ya ce Kapitan, ba ni da shi. Na san an ba su kuɗin tallafi bai fi mako biyu ba. Na riƙe shi a zuciya. Aka binne laya. Wasan da ya biyo baya aka ci mu 4 da nema.

Wani ɗana ya taɓa nuna mini a wayarsa yadda ƴan kwaleji ke wasa a Amurka, irin tasu ƙwallon mai kama da ƙwai wadda ake runguma a ruga da ita. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000. Ya ce can idan ƙungiya ta yi ta shan kashi, mai horarwa ake sallama, a biya shi kuɗinsa ya kama gabansa. Na ce masa mu ba mu da ikon sallamar Mushe, kuma dole a sami mai laifi. Sai muka duba wanda ƙwallo ke wucewa ta gefensa a ƙarshe, muka ɗora masa.

Wasa na biyar a Damagaram aka yi, cikin sanyi. A bayan wata babbar mota muka tafi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, ta Bande da Dogo. Muka fita muna waƙa. Tun kafin rabin hanya waƙar ta mutu. A gefen hanya ga mushen shanu, fata ta manne da ƙashi, har ungulu ta ƙoshi ta bari. Ga mutanen arewa, na wajen Tanut da Damargu, suna gangarowa kudu da ƙafa, mata da goyo, tabarma da ƙwarya a ka, makiyaya riƙe da sanda babu abin kiwo. A bakin birni sun yi bukkokin tsumma. Na gani da idona. Amma a kaina wannan yunwar wasu ce, ta mutanen hanya. Ban haɗa ta da yaran da ke zaune kusa da ni a cikin motar ba.

Ƴan birni suna da takalma, mu rabinmu ba mu da su. Duk da haka muka riƙe su har hutu, ci ɗaya kawai suka yi. Bayan hutu aka buɗe mana wuta. Na shida shi ne wanda ba zan manta ba. Wani ya bugo ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda yaro ɗan shekara goma zai kama. Ɗan Dungas ya miƙa hannu biyu gefen dama, ya rungumi iska. Ƙwallo ta bi ta hagunsa a hankali ta shiga. Fili duka ya fashe da dariya.

Da alƙalin wasa ya hura usur na tashi, ban jira mun fita fili ba. A gaban ƴan birni, a gaban ƴanmata, na same shi. Na ce nawa suka ba ka? Na ce kuɗin magani ka hana, raga kuma ka sayar. Na ce ka koma ƙauyenku ka kama tumaki, su ne daidai kai. Akwai wata kalma da na ƙara game da talaucin gidansu, wadda ba zan sa a takarda ba. Ya dube ni, idonsa jawur, leɓensa fari fat. Ya ce: "Kapitan, balo biyu na gani. Na kama ɗaya."

Aka sake fashewa da dariya, har da namu. Na ɗauka ba'a yake yi mini. Da Mushe bai shiga tsakani ba, da na mare shi. A hanyar dawowa ya zauna can ƙarshen mota shi kaɗai, ya rufe kansa da riga. Maganar balo biyu ta zama karin magana a lakwal. Duk wanda ya faɗi jarrabawa sai a ce balo biyu ya gani.

Ya ƙara kwana kamar goma yana zuwa aji, ba ya zuwa fili. Daga nan aka daina ganinsa. Ni damuwata rigar ƙungiya ce, ta mai tsaron gida, don guda ɗaya gare mu. Na tambayi gidan da yake zaune, abin kunya shekara biyu muna wasa tare ban san gidan ba. Can bayan kasuwa ne, gidan wani mai gyaran keke. Na yi sallama, uwargida ta ce in shigo. Tana zaune tana tsince ganyen tafasa busasshe a faifai. Murhu babu alamar an hura wuta ranar, ga shi azahar ta wuce.

Na gaishe ta na ce, "Inna, wajen ɗan Dungas na zo."

Ta ce, "Ɗana, ai ya tafi shekaranjiya da dare. Kai ne kapitan?"

Na ce ni ne. Ta shiga ɗaki ta fito da rigar, a wanke, a ninke. Ta ce ya ce idan ka zo a ba ka.

Da na karɓa na juya, da labarin ya ƙare a nan, in ci gaba da ganin kaina mai gaskiya. Amma ta ce in zauna. Ba faɗa ta yi mini ba, ban ma tsammanin ta san abin da na yi. Magana ce ta cika mata ciki. Ta ce su goma sha huɗu ne a gidan, sau ɗaya ake ɗora tukunya, da dare, wata rana ma ba a ɗorawa. Ta ce yaron nan tun da aka koma lakwal, kuɗin tallafinsa ko dala bai taɓa ci ba. Yana karɓa yake ba direban da ke zuwa wajensu ya kai wa uwarsa, don uban ya tafi neman abinci an daina jin labarinsa, ga ƙanne biyar. Ta ce idan an zuba tuwo yakan ci loma kaɗan ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi, don yana jin nauyin cin abincin gidan da ba a kawo masa hatsi ba. Da dare yana ɗiban ruwa a garwa yana sayarwa. Da asuba kuma, in ji ta, sai ya tashi ya ce zai je gudun lakwal. "Na ce masa, ɗan nan, gudun me da cikin wofi? Ya ce idan bai je ba za a rubuta sunansa."

Ni ne mai rubuta sunan.

Ta ce ranar da za mu Damagaram, kwana biyu ke nan ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan kanwa da ɗan ƙanzo. Yanzu ya bi wasu mutanen garinsu, za su tsallaka ta hanyar daji da dare su nufi Kano. Duk wanda yunwa ta taɓa kaɗawa ya san jiri, ya san yadda ido ke raba abu ɗaya biyu. Ni sai a tsakar gidan nan na sani. Gaskiya tsantsa yaron ya faɗa mini a fili, muka yi dariya.

Na kai wa Mushe riga, na faɗa masa abin da na ji, ban da zagin da na yi, wanda dama ya ji da kunnensa. Ya daɗe bai ce komai ba. Washegari ya soke gudun asuba. Ya tara mu a gindin bishiya ya tambayi kowa, ɗaya bayan ɗaya, me ka ci jiya. Da farko kowa ya ce tuwo, don kunya. Sai ɗan Yekuwa ya fashe da kuka. Daga ranar, duk ranar wasa da ranar motsa jiki, Mushe yakan sayo garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan mai daga albashinsa, a kwaɗa a babban kwano, kowa ya sa hannu. Na faɗa wa innata, ita ma ta riƙa aiko da fura a ƙwarya. Ba ta tambaye ni dalilin da ya sa na damu haka ba, ni ma ban faɗa ba.

Kada ku zaci daga nan muka fara ci. Kwano ɗaya ba ya mayar da abin da wata biyar suka ɗauke. Kuma mutane suna ta raguwa. Bayan ɗan Dungas, wasu biyu suka bar lakwal. Akwai wasan da muka shiga mu tara. Ragar kuwa babu mai so, kowa ya ga abin da aka yi wa mai ita. Sai na sa rigar da kaina. Hannunta ya yi mini tsawo sai da na naɗe. A wasa uku aka zuba mini goma sha ɗaya, da cikina a ƙoshe, ƙwallo ɗaya tak nake gani kuma ban kama ta ba.

Wasan ƙarshe da ƴan Mirya ne, a filinmu, cikin zafin bazara. Ba abin da ake nema a ciki, mu ne na ƙarshe ko an yi ko ba a yi ba. Suka ci mu ɗaya tun da wuri. Muka dage. A karon farko a shekarar rabi na biyu bai kashe mu ba. Saura kaɗan a tashi, aka yi cunkoso a gaban ragarsu, ƙura ta tashi, ƙwallo ta bugi gwiwar ɗan Yekuwa ta shiga. Shi kansa bai san ya ci ba. Mutanen da suka shekara suna kiranmu ƴan sadaka suka ruga cikin fili suka ɗaga shi sama, mai kalangu ya biyo mu har ƙofar lakwal. Wanda ya zo wucewa zai ce kofi muka ɗauka. Ɗaya da ɗaya ne.

A watan Mayu na 1985 muka ji a rediyo Najeriya ta ce baƙi marasa takarda su fita. Na yi ta zuwa tasha ina duba motocin da ke sauke mutane. Ban gan shi ba. Damina ta zo ta yi kyau, hatsi ya yi, gari ya farfaɗo. Na ci jarrabawata a shekara mai zuwa, na wuce, daga baya na zama malamin makaranta. Shi kuwa kujerarsa wani ya zauna. A duk makarantar da na koyar, idan yaro ya yi barci a aji ko ya faɗi a fili, kafin in ɗaga murya nakan tambaye shi abin da ya ci. Abokan aiki suna ce mini mai tausayi. Ban taɓa gyara musu ba.

A farkon 2012 ƙungiyar ƙasa, Mena, ta je gasar kofin Afirka karo na farko, a Gabon, bayan ta fito daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Gabon ta ci mu 2 da nema, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. Wasa uku, kashi uku. A gidan kallo samari suna ta zagin ƴan wasa, wannan ya sayar, wancan ba shi da kishi. Na ji muryata ce ta shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Na tashi na fita tun ba a gama ba.

A shekarar nan dai, gab da Sallar Layya, na je kasuwar Dungas neman rago. Ina taya wani, mai shi ya ce sai dai in jira Alhaji, shi ne mai dabbobin. Alhaji ya iso, dogo, ya yi jiki, furfura a gemu. Hannun da ya miƙo mini na fara ganewa. Shi kuwa ko daƙiƙa bai ɗauka ba. Ya ce, "Kapitan!"

Ya ja ni rumfa, ya sa aka kawo tsire da fura. Ya ba ni labari a gajarce. Ya yi ga-ruwa a Kano, ya yi dako, ya bi wani dillalin dabbobi, har ya tsaya da ƙafarsa. Yanzu duk Alhamis yana kai dabbobi kasuwar Maigatari. Uban bai dawo ba. Ƙanne biyu sun rasu a shekarar, uku sun rayu, ya aurar da su. Lakwal bai sake komawa ba. Ina zaune aka zo masa da ciniki, ya juya kuɗin raguna goma sha bakwai daga naira zuwa sefa da ka, kafin yaronsa ya gama latsa waya.

Na daɗe ina juya maganar a baki. Daga baya na ce, "Alhaji, akwai abin da na faɗa maka a filin Damagaram."

Na so ya ce ya manta. Bai ce ba. Ya ajiye tsinken tsire ya ce, "Na ji zafinta, Kapitan. Har Kano na tafi da ita. Yunwa ba ta kore ni daga lakwal ba ita kaɗai." Ya yi shiru, ni ma na yi. Sannan ya ce, "Amma na yafe tun a Arfa. Ci namanka."

Na ci, don ba ni da abin cewa. Can sai ya murmusa ya ce, bayan tafiyarsa wa ya tsaya a raga? Na ce ni. Ya ce nawa aka zuba maka? Na ce goma sha ɗaya a wasa uku. Ya yi dariya har da buga cinya, ya kira maƙwabcin rumfarsa ya maimaita masa. Sannan ya ce, "Ka tuna fenaritin ƴan Matamai, a wasan farko, kafin hutu? Wanda na tare da hannu ɗaya?" Ya tashi tsaye cikin babbar riga, a tsakiyar kasuwa, ya nuna mini yadda ya yi tsalle hagu. Na ce na tuna. Ƙarya na yi, ban tuna ba.

Rago kuwa ya ƙi karɓar riba, ni kuma na ƙi karɓar kyauta, muka yi ta ja har yaronsa ya raba mu.

Ran nan da littafin ya faɗo hannuna, na duba layin farko. Matamai 3, mu 1. Babu maganar fenariti. Abin da aka zuba mana kaɗai na rubuta, wasa bayan wasa, wanda aka tare ko ɗaya ban rubuta ba. Na aiki jikata ta samo mini jan biro a jakar lakwal ɗinta, na ƙara a gefen layin: ɗan Dungas ya tare fenariti, da hannu ɗaya, ta hagu.